Kin kulle littafi a akwati, toh abin da ta gani da idonta fa?

Wasiƙar wannan makon daga Agege da ke Legas ta zo, ta yi tsawo sosai don haka na taƙaita ta:

"Anti, 'yata shekararta 15 tana SS2, makaranta ta sa an saya musu wani littafin Turanci To Kill a Mockingbird, wai a cikinsa za a yi musu jarrabawa. Tunda ta fara karanta shi na daina gane kanta. Rannan ina tsaka da tuƙa tuwo ta tambaye ni wai in mace ta ce an yi mata fyaɗe alhali ƙarya take me ake yi, na ce ta rufe min baki. Sai ga wata fitinar, wayar maƙwabciyarmu ta ɓace a kan taga tana caji, aka ce mai ruwan da ke kawo mana ruwa ne, wani bawan Allah ɗan Nijar da ko magana bai cika yi ba. Samarin layi suka yi masa duka suka riƙe kurarsa wai sai ya fito da waya. Da daddare yarinyar nan ta ce min ita da idonta ta ga ɗan matar ne ya zare wayar ya sa a aljihu. Na ce ta yi shiru, mu 'yan haya ne, a bar kaza cikin gashinta. Sai ta kalle ni ta ce, Umma mu ma mun kashe tsuntsun kenan. Na ƙwace littafin na kulle a akwati. Yanzu ba ta cin abinci ba ta magana, babanta tun asuba yana kasuwar Mile 12 sai dare, bai san komai ba. In je makaranta in yi ƙorafi a canja littafin ne, ko in mai da ita Katsina wajen kakarta kafin Legas ta gama buɗe mata ido?"

Ƙanwata, sannu, Allah ya yaye. Amma bari in faɗa miki tun daga farko ba tare da kwana-kwana ba, ba littafin ne ya ga an sa waya a aljihu ba, idon 'yarki ne ya gani. Da ba ta taɓa jin sunan littafin nan ba ma da ta gani, bambancin kawai da wataƙila ta haɗiye abin ya zauna mata a ciki ke baki sani ba. Littafin bakin magana ya ba ta, shi kenan laifinsa.

Na koyar da shi a aji, kuma na lura ke baki karanta ba, toh bari in ba ki labarin don ki gane me ta faɗa miki a daren nan, don wallahi ba rashin kunya ta yi miki ba.

Wata mata ce Harper Lee ta rubuta shi, 'yar jihar Alabama a kudancin Amurka, ya fito a 1960, shekara ɗaya bayan nan ya ci Pulitzer, babbar kyautar marubuta ta Amurka. Labarin a wani ƙaramin gari ne da ta ƙirƙira ta sa masa suna Maycomb, tsakanin 1933 da 1935, lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu, kuma lokacin baƙar fata da farar fata ko coci ɗaya ba sa shiga, makaranta daban, wajen zama a kotu daban. Mai ba da labarin yarinya ce, Scout, tana da shekara shida a farko, tana da yaya Jem da ya ba ta shekara huɗu, uwarsu ta rasu tun tana 'yar shekara biyu, ubansu Atticus lauya ne. Wata Kirsimeti aka saya wa yaran bindigar harbin tsuntsu, sai uban ya ce musu shi ya fi so su harbi gwangwanaye, amma ya san sai sun bi tsuntsaye, toh duk wanda za su harba su harba banda guda ɗaya, wato mockingbird ɗin da ke cikin sunan littafin, shi kashe shi zunubi ne. Scout ta yi mamaki don ba ta taɓa jin babanta ya kira wani abu zunubi ba, ta je ta tambayi maƙwabciyarsu Miss Maudie, ita ce ta yi mata bayani cewa wannan tsuntsun ba ya cin shukar kowa, ba ya sheƙa a rumbun kowa, aikinsa kenan ya yi wa mutane waƙa. Kin ga tsuntsun da take nufi. Duk wanda bai cuci kowa ba, ba shi da ƙarfin kare kansa, amma aka taka shi don an ga ba mai tsaya masa. Yanzu ki tuna mutumin da ke turo jarkoki sama da goma tun daga bohol ya hau miki da su har bakin ƙofa, ki faɗa min yarinyar nan ta yi kuskure a lissafinta.

A littafin wanda aka taka Tom Robinson ne, baƙar fata, magidanci mai mata da 'ya'ya uku. Wata budurwa farar fata, Mayella Ewell, ta ce ya yi mata fyaɗe, alƙali ya naɗa Atticus ya kare shi. A kotu aka tabbatar duk raunin da ke fuskar yarinyar a ɓangaren dama yake, wato wanda ya doke ta bahago ne. Atticus ya miƙa wa ubanta Bob Ewell alƙalami ya ce rubuta sunanka, mutumin ya ɗauka da hagu kowa na kallo. Shi kuwa Tom da ya miƙe tsaye sai aka ga hannunsa na hagu a shanye yake, tun yana yaro injin gurzar auduga ya kama shi. Duk lokacin da na kai nan a aji sai in ce wa ɗalibai ku tuna rigar Annabi Yusuf, an ga ta baya ta yage, hujja ta fito fili, amma duk da haka sai da aka kai shi kurkuku. Haka aka yi wa Tom, mutum 12 da aka zaɓo daga cikin jama'a su yanke hukunci, dukansu farare, suka shige ɗaki suka ɗau awanni suka fito suka ce ya aikata. Daga baya ya yi ƙoƙarin tsallake shingen gidan yari masu gadi suka ɗirka masa harsashi 17. Kuma kar ki ce ai ƙirƙira ce kawai, a 1931 a Alabama ɗin nan an kama samari baƙar fata tara a shari'ar Scottsboro a kan irin wannan zargin, aka yanke wa takwas hukuncin kisa, daga baya ɗaya daga cikin matan biyu ta fito ta janye maganarta.

Toh ga inda nake ganin kin haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai yarinta, wato yaro bai san mugunta ba, yana ganin duk babba mai gaskiya ne. Akwai kuma wanda bai yi laifi ba aka ɗora masa. Ta farkon dole ta wuce, ko a Agege ko a Katsina ko a ƙarƙashin gadonki kika ɓoye yarinyar sai ta wuce, kamar haƙoran nono ne, lokacinsu in ya yi sai sun zube kuma ba wanda ke zaman makokinsu. Na biyun shi ne wanda aka ce a kare. Ke kuwa kin juya abin, kina kashe kanki wajen tsare wanda ba zai tsaru ba, kin bar wanda aka ce a tsare ba kura ba sana'a. Littafin nan kansa bai yi wa yaran gata ba ta wannan fannin. Jem yana zaune a saman benen kotu inda baƙaƙe ke zama, yana ta murna yana ce wa ƙanwarsa mun ci, don shi a kansa tunda hujja ta fito magana ta ƙare. Da aka karanto hukunci ya fito yana kuka yana cewa wannan ba daidai ba ne. Uban bai ce masa yi shiru ba, bai ce kai yaro ne ba za ka gane ba, cewa ya yi gaskiyarka, ba daidai ba ne. Ya yi kwanaki ba ya son a yi masa zancen kotun ma, amma kuma sai ga shi yana hana ƙanwarsa murƙushe wani ɗan ƙwaro a kan cewa ƙwaron bai yi mata komai ba. Yarintar ta tafi, tausayin ya zauna. Rashin cin abincin 'yarki wannan matakin take, kuma amsar da ta samu a wajenki ita za ta nuna me zai zauna mata, tausayi ko kuwa "kowa tasa ta fisshe shi".

Akwai wani wuri da nake so ki ji da kyau don ya shafe ki kai tsaye. A layin su Scout akwai wani gida da kullum a rufe yake, a ciki akwai wani mutum Boo Radley da ya shekara da shekaru bai fito ba, yara suna cewa dodo ne, wai ɗanyen nama yake ci, wai da dare yana leƙen tagogin mutane, in za su wuce gidan da gudu suke wucewa. A bakin gidan akwai bishiya mai ɗan kogo. Wata rana Scout ta hango abu na ƙyalli a ciki, ta sa hannu sai ga cingam guda biyu. Bayan nan sai tsofaffin kwabbai biyu an goge su tas an sa a ɗan akwati, sai ƙullin zare, sai 'yan tsana biyu da aka sassaƙa da sabulu, namiji da mace, macen har da irin gashin goshin Scout, sai wata tsohuwar lamba ta gasar makaranta, sai agogon aljihu da ya daina aiki. Mutumin da duk gari ke tsoro ashe yana zaune bayan labule yana kallon yaran nan suna wasa, yana tattaro ɗan abin da ya mallaka yana ajiye musu. Yaran suka rubuta takardar godiya za su sa a kogon, da safe suka je suka tarar an cike shi da siminti. Yayan Boo ne ya yi, da Jem ya tambaye shi sai ya ce wai bishiyar ce ke mutuwa. Jem ya tambayi babansa, baban ya duba ya ce ganyenta kore shar, lafiyarta ƙalau. Yaron nan ya tsaya a baranda shi kaɗai har duhu ya yi, da ya shigo ƙanwarsa ta ga alamar hawaye a fuskarsa, ta yi mamaki don ba ta ji kukansa ba.

Ƙanwata, yarinya 'yar 15 da ta zo ta same ki a kicin da tambayar da ko ƙawarta za ta ji nauyin yi wa, sannan ta sake zuwa da dare da sirrin da ya fi ƙarfinta, wannan kogon ne tsakaninki da ita, kuma sau biyu kina zuba masa siminti. Iyaye nawa ne ke rubuto min suna kuka 'ya'yansu ba sa gaya musu komai, sai a waya suke ganin abin da ake ciki. Ke taki tana kawo miki har inda kike. In kika cike shi karo na uku ba za ta daina tambaya ba fa, wajen tambayar kawai za ta canja, kuma kin san su waye ke jiran irin wannan yarinyar a TikTok da bakin layi.

Maganar fyaɗen ma, abin dariya, a littafin an yi irin taki sak. Scout ta tambayi mai aikinsu Calpurnia mene ne fyaɗe, ta ce je ki tambayi babanki, ta je ta tambaya, ya ba ta amsa a jimla ɗaya irin ta lauyoyi, ta ce au dama shi ne ake ta ɓoye-ɓoye, ta wuce sabgarta. Kafin nan ma ta taɓa yi wa ƙanin babanta wata tambayar mai nauyi, shi kuma ya rikice ya kama ba ta labarin wani firaministan Ingila da bai haɗa hanya da tambayar ba, Atticus ya ce masa in yaro ya tambaye ka abu ka amsa masa kawai ba tare da ka mai da shi wani babban al'amari ba, don yara sun fi manya saurin gane kauce-kauce. Mu ma ai ba baƙon abu ba ne a wajenmu, Nana A'isha ta yabi matan Ansar a kan cewa kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Yarinyar da ke shiga danfo ita kaɗai ta je makaranta ta dawo, a gidan haya mai banɗaki ɗaya da samari ke zirga-zirga, wallahi rashin sanin nan ba kariya ba ne gare ta. Ki zaunar da ita ki yi mata bayani da bakinki da irin kalmominki. Kuma ki ƙara mata abu ɗaya da yara kan tsallake in suna karatun nan, kar ta tashi da tunanin duk macen da ta ce an taɓa ta ƙarya take. Ita kanta Mayella abin tausayi ce, shekararta 19, ƙanne bakwai a wuyanta, uba mashayi mai dukanta, gidansu a bayan juji, abu ɗaya mai kyau a duk tsakar gidan shi ne wasu jajayen furanni da take rainonsu a tsofaffin kwanoni. Tsoron ubanta da tsoron bakin gari ne suka sa ta yi ƙaryar. Ki gaya wa 'yarki in wani ya taɓa ta, ko wane ne shi, ke ce farkon wadda za ta gaya wa kuma za ki yarda da ita. Jihar Legas ma tana da hukuma guda ta musamman a kan cin zarafin mata da yara, DSVA, ki san da zamanta.

Yanzu inda kike da gaskiya, don kina da ita. Tsoronki ba na banza ba ne. Zaman haya a Legas ba wasa ba, maƙwabciyar da kuke haɗa igiyar shanya da layin banɗaki in ta zama abokiyar gaba rayuwa ta yi ɗaci, in kuma ta fi ki fada a wajen mai gida sai ki ga takardar tashi. Kuma Atticus ɗin nan da ake ta yabo, ni a nan ina ganin laifinsa ƙarara. Bob Ewell ya tofa masa yawu a fuska a bainar jama'a ya ce sai ya ga bayansa, shi kuma ya ɗauka cika baki ne, ya bar yaransa suka tafi bikin makaranta da dare su kaɗai, mutumin ya bi su cikin duhu da wuƙa, ya karya wa Jem hannu, da ba don Boo ɗin nan da suke kira dodo ya fito ba da an yi gawa biyu. Mai gaskiya ne amma ya yi sakaci da 'ya'yansa, kar ki kwaikwaye shi a wannan. Haka wurin da gungun mutane suka zo ƙofar kurkuku da dare za su fito da Tom su kashe, Scout ta kutsa tsakiyarsu ta hango baban wani ɗan ajinsu, mutumin da ya taɓa biyan babanta kuɗin aiki da itacen girki da kayan gona don ba shi da kuɗi, ta gaishe shi da sunansa ta ce ya gaida mata ɗansa, kunya ta kama shi ya ce wa sauran ku mu tafi. Wurin yana da daɗin karatu, kuma akwai gaskiya a ciki, taron duka in ka ware mutum ɗaya ka kira sunansa sai ya tuna shi uban wani ne. Amma a littafi ne. A Aluu a 2012 ɗalibai huɗu na jami'ar Fatakwal aka kashe a kan zargin sata mutane na ɗauka a waya, a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 matafiya 16 'yan Arewa aka kashe a hanyarsu ta zuwa gida sallah, mu ma a namu garuruwan an yi irinsa ba sau ɗaya ba, laifi tudu ne. Saboda haka ban ce ki tura yarinya gaban samarin layi ta nuna ɗan wani da yatsa ba. Sam. Ita ta sauke nata nauyin tunda ta gaya wa babba, yanzu kayan a kanku yake ke da babanta.

Toh a daren yau in ya dawo ya ci abinci ya huta ki gaya masa komai, har da cewa kin ce mata ta yi shiru. Mutumin da ke kasuwar Mile 12 ya fi ni da ke sanin me ake ji in an ɗora wa mutum laifi don kawai baƙo ne, ya ga rikicin da aka yi a can a 2016, ya ga yadda aka yi da 'yan acaba da aka hana su aiki a 2020 da 2022, mai laifi da marar laifi duk sanda ɗaya. Mu da ke kukan ana yi mana kuɗin goro a garin nan, abin kunya ne a ce mun samu wanda ya fi mu rashin gata mun yi masa irin abin da muke kuka da shi. Shi zai samu limamin masallacin layinku ko wani dattijo da matar nan ke jin nauyinsa, su kira mijinta ko wanda ke tsaye a kanta a keɓe, a ce an samu wanda ya gani, ba sai an faɗi waye ba, a ce su binciki ɗansu a cikin gida. Sau da yawa uwa ta riga ta sani ma, don yaron da ya sayar da waya ba ya iya ɓoye sabon takalmi. In suka ƙi sauraro akwai fadar Sarkin Hausawan Agege, irin wannan sulhun ai dama shi suke yi kullum. Riƙe kurar mutum da dukansa ba hukuncin da samarin layi ke da ikon yankewa ba ne, a doka su ne masu laifi, kuma in abin ya kai ga 'yan sanda gwamnatin Legas tana da ofishin lauyoyin da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta, OPD. Amma ina fata ba za a kai can ba.

Abin da ake nema a wanke mai ruwa ne, ba a miƙa wa layi sabon wanda za su daka ba. Shi ma ɗan matar yaro ne, in aka fallasa shi a tsakiyar unguwa irin dukan da aka yi wa wancan za a yi masa, kin ga an ceci ɗaya an jefa ɗaya. A ƙarshen littafin ma da Boo ya kashe Bob Ewell wajen ceton yaran, shugaban 'yan sandan garin ya kafe a kan cewa mutumin kan wuƙarsa ya faɗa, don ya san in aka jawo mutum mai gudun jama'a irin Boo gaban gari, ko da yabonsa za a yi, an cuce shi, kuma Scout da kanta ta ce wa babanta yin hakan kamar harbin tsuntsun nan ne. Ɗalibai suna ta gardama a kan wannan, wasu su ce ƙarya ƙarya ce ko wa aka yi don shi, ni ban taɓa hana su ba don gardamar tana da amfani. Ku dai ba a ce ku yi ƙarya ba. Ayar Baƙara ta hana ɓoye shaida, ta Nisa'i ta ce a tsaya da adalci ko a kan kai ne ko iyaye ko dangi, hadisi kuma ya ce wanda ya suturta musulmi Allah zai suturta shi, duka ukun suna iya haɗuwa a nan. Liman ya sanar bayan sallah cewa an gano ba mai ruwa ba ne, ba sai ya ce waye ba, a mayar masa da kurarsa a gaban mutanen da aka ƙwace ta a gabansu.

Zuwa makaranta ƙorafi kuwa ki bar shi. Ba ke kika fara ba, a Amurka ma an sha cire littafin nan daga aji, a Biloxi ta jihar Mississippi an yi a 2017, kuma wasu masu sukar suna da hujja, kalmar zagin baƙar fata ta cika yawa a ciki, sannan labarin zaluncin da aka yi wa baƙi ne amma ta bakin farare aka ba da shi, Tom kansa da matarsa ba a ji ta bakinsu sosai ba, sai lauyan ne ya zama gwarzo. Wannan suka ce mai kyau, in 'yarki ta iya rubuta ta a takardar jarrabawa ma maki za ta ƙara. Amma in littafin jarrabawa ne malamar aji ba ta da ikon canja shi, abin da za ki jawo kawai a riƙa nuna yarinyar ana cewa ga wadda uwarta ta zo faɗa a kan littafi. Katsina kuma, haba ƙanwata, a can ba a ƙaryar sata ne, ko ba a dukan bare? Za ki raba ta da karatunta a SS2, ta tafi da sanin cewa ranar da ta faɗi gaskiya aka kore ta daga gida.

Ki buɗe akwatin nan ki miƙa mata abinta, ba sai kin yi dogon jawabi ba, ki ce na ji maganarki, ni da babanki za mu yi abin da ya dace, ke kuma kar ki yi zancen da kowa ko ƙawarki. Sai ki zuba abinci a kwano ɗaya ki ce ta ba ki labarin Boo da Hausa kuna ci, za ki ga bakin ya buɗe. Kuma dan Allah kar a ja abin ya kai sati, yawancin masu ruwan nan kurar ba tasu ba ce, haya suke ɗauka suna biyan mai ita kullum, duk kwanan da ta yi a hannun samarin nan bashi ne ke hawa kansa ga jinyar duka. In an zauna sulhu babanta ya tabbatar an sa kuɗin waɗannan kwanakin da na magani a cikin maganar, kuma iyayen yaron ne za su biya.